Albasar ado a Gombe: me ya sa tawa ta ruɓe, kuma ko akwai dabarar da za ta sa ta yi fure?

Maman Ilham, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin albasa, manoma da masana duka. Bara ƙanena da ke karatu a ƙasar Holand ya zo hutu, ya kawo mini wasu 'ya'yan albasa guda 6 waɗanda ba na ci ba ne, na ado ne. A jikin takardar akwai hotonsu: kara ne dogo miƙaƙƙe, a samansa dunƙulen fure shunayya kamar ƙwallo, kuma ya ce a can ana jera su a bakin hanya da cikin lambunan gidaje. Ya kawo su a watan Oktoba, ni kuwa da yake na saba cewa shuka sai da damina, sai na adana su a ɗaki har ruwa ya zauna a watan Yuni, sannan na binne su a gefen katanga inda na zuba takin tumaki mai yawa. Na yi mako uku ina dubawa ban ga ko tsiro ba. Da na tona, sai na tarar sun zama kamar dafaffen dankali, suna wari, har na kasa ɗaga su da hannu.

A wannan makon ya sake aiko mini da guda 8, iri biyu. Huɗu manya ne, kowace ta kusa cika tafin hannu, an rubuta musu Allium giganteum, sauran huɗun ƙanana ne, an rubuta Allium cristophii. Ba na so in sake asarar su. Tambayata ita ce, shin zafin Gombe ne ya kashe na bara, ko kuwa ni ce na yi kuskure? Idan kuma akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan albasa ta yi fure a Gombe ko Bauci, ina roƙonsa ya faɗa mini yadda aka yi.

Baba Mai Lambu, Dadin Kowa

Wa alaikumus salam. 'Yata, ban taɓa shuka albasar Turawa ba, amma na shekara fiye da talatin ina noman albasa a bakin ruwan Gongola, kuma tun kafin in kai ƙarshen bayaninki na gane inda matsalar take. Ba zafi ne ya kashe su ba, damina ce. Albasa kowace iri ce ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, balle a haɗa mata da ɗanyen taki. Ko tamu ta ci da muke dasawa da damina, sai a kan tudu ko a kan kunya mai tsawo, kuma duk da haka ciwon ganye yana cin rabonsa. Ga shi kuma kin ajiye su wata takwas a ɗaki mai zafi, wato tun kafin su shiga ƙasa ƙarfinsu ya riga ya ƙare.

Bari in faɗa miki yadda muke sa tamu ta yi fure, domin duk mai fitar da iri ya san wannan aiki. Albasa shekara biyu take yi kafin ta cika rayuwarta. A shekarar farko daga iri take tashi, ta yi lawashi, ta yi kai, mu cire mu sayar. Wadda muke so ta ba mu iri sai mu zaɓi manya masu lafiya, waɗanda wuyansu ya bushe sarai, mu shanya su a rumfa inda iska ke ratsawa har damina ta wuce. Idan sanyi ya fara shigowa, wajen watan Nuwamba, sai mu yanke saman kowace kaɗan, mu dasa a fangali. Kowace uwa takan fitar da kara uku ko huɗu, wata ma fiye, kuma wajen Fabrairu sai ki ga fili ya yi fari fat da dunƙulen fure, ƙudan zuma da ƙudaje suna ta kai da komo tun hantsi. Abin da na lura da shi shekara da shekaru shi ne, shekarar da hunturu ya yi ƙarfi ita ce shekarar da kara ke fita da yawa, shekarar da sanyi ya yi rauni kuwa lawashi kawai za ki yi ta gani. Saboda haka shawarata ki jira Nuwamba, ki yanke samansu, ki dasa a ƙasa mai yashi.

Malamin Gona, Jekadafari

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Duk abin da ya faɗa game da damina da taki haka yake, kuma lurar da ya yi cewa sanyi ne ke fitar da kara ita ce mabuɗin wannan magana gaba ɗaya. Wuri ɗaya kawai nake neman izinin in saɓa masa, wato batun yanka. Hajiya, don Allah kada wuƙa ta taɓa su. Albasarmu ta ci tana da idanu da yawa a ciki, shi ya sa yankan bai cutar da ita. Waɗannan na ado kuwa kara ɗaya tak kowace take fitarwa daga tsakiya, kuma idan aka raunata tohon ko aka buɗe wa ruɓa ƙofa, an gama da ita.

Yana da kyau mu san inda suka fito, domin asalinsu ne zai gaya mana abin da suke bukata. Holand tana noma su ne tana sayarwa, amma ba can ne gidansu ba. Babbar, wato giganteum, daga tsaunukan Iran da Afganistan da tsakiyar Asiya take, kuma a inda ta samu yadda take so, tsawon karan nata yakan kai mita ɗaya da rabi. Cristophii kuwa daga yankin Iran da Turkiyya da Turkmenistan take, ba ta da tsawo sosai, amma dunƙulen furenta yakan kai faɗin santimita 20, kowane ɗan fure kamar tauraro. A waɗannan wurare lokacin zafi busasshe ne ƙayau, albasar tana kwance a ƙasa tana barci, babu ganye babu saiwa. Sai sanyi mai tsanani ya zo, har da ƙanƙara, ya yi watanni, a lokacin ne take yin saiwa. Idan sanyin ya fara sassautawa sai ta fito da sauri, ta yi ganye, ta yi fure, ta koma barci kafin zafi ya tsananta.

Idan muka auna da Gombe, za mu ga cewa zafi da bushewa ba baƙin abu ba ne a wurinta, ta san su tun a gida. Abu biyu ne ba su dace ba. Na farko, lokacin da take son ta yi barci a busasshiyar ƙasa shi ne lokacin da mu muke samun ruwan sama, daga Mayu zuwa Oktoba. Na biyu, sanyinmu bai kai ba. Tana bukatar makonni 10 zuwa 12, babbar ma fiye da haka, a sanyin da bai wuce digiri 9 ba, alhali hunturunmu ko a daren da ya fi tsanani da wuya ya sauka ƙasa da digiri 12, kuma da rana ya koma sama da 30. Albasar Baba ta yi ɗaruruwan shekaru a hannun manomanmu, ana zaɓar wadda ta yi iri a ɗan sanyin da muke da shi, shi ya sa hunturu yake isarta. Baƙuwar ba ta samu wannan horon ba.

Matsala ta farko tana da sauƙin magani, a shuka da rani a tukunya, a tone kafin damina. Ta biyu kuwa sai dai a ara mata sanyi daga firiji.

Baba Mai Lambu, Dadin Kowa

Malam, na karɓi gyara a kan yankan, domin kai ka san cikinta, ni tamu kaɗai na sani. Amma ka lissafa mana kwanakin. Yau muna farkon Oktoba. Idan ta yi mako 12 a firiji, sai ƙarshen Disamba za ta shiga ƙasa, wato rabin hunturu ya wuce. Mu nan da zarar Maris ya kama, zafi yakan kai digiri 40, kuma ko tamu albasar idan furenta ya makara ya faɗa cikin wannan zafin, ƙonewa yake yi, irin ya fita shanyayye. Yaushe baƙuwar za ta yi saiwa, ta yi ganye, ta yi kara, duk a cikin wata biyu?

Malamin Gona, Jekadafari

Wannan tambaya ta Baba ita ce ainihin wahalar, kuma ba zan ɓoye wa Hajiya ba, lokacin a matse yake. Idan aka cika mata sanyin firiji, an rage mata kwanakin girma, idan kuma aka fitar da ita da wuri domin ta ci hunturu, wataƙila sanyin bai ishe ta ba, ta tsaya a ganye. Ni a ganina a sa su yau ɗin nan, kada a ƙara ko kwana ɗaya, a fitar da su bayan mako 10, wato tsakiyar Disamba. Ina sa rai da ƙananan fiye da manyan, domin babbar ta fi son dogon sanyi. Ko ta yi fure, kada a sa ran tsawon da ke jikin hoton.

Alhaji Na Pantami

Ina bin wannan magana tun safe, kuma ina neman afuwa idan abin da zan faɗa bai yi wa wasu daɗi ba. A garin nan akwai unguwannin da sai an sayi ruwa a wurin 'yan garuwa kafin a dafa abinci, kuma wuta ba kullum take zama ba. Yanzu a ce za a ware wuri a firiji wata biyu da rabi, a kuma riƙa ban ruwa duk tsawon rani, saboda furen da ba a ci, ba a sayarwa, ba ya magani, wanda kuma Malam da bakinsa ya ce ba lallai ne ya fito ba? Wurin nan da Hajiya ta ware, idan ta sa zogale da alayyafo da ɗan timatir, gidan zai amfana har maƙwabta su samu. Ni ina ganin muna ɗauko wa kanmu sha'awar mutanen da yanayinsu da wadatarsu ba irin namu ba ne.

Maman Ilham, Tudun Wada, Gombe

Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka ba ta ɓata mini rai ba, kuma batun ruwa gaskiya ne, domin ni ma saya nake yi idan famfo ya ɗauke. Zogale da alayyafo da lalle duk ina da su a bayan ɗaki, kuma da ruwan wanke shinkafa da na alwala nake rayar da su. Tukwane takwas ba za su sha abin da ya kai bokiti ɗaya a kwana biyu ba. Amma zan faɗi dalilina na gaskiya. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zama a gida babu fure ba, ko da a tsohuwar kwano ce, kuma ƙanena ya san haka, shi ya sa duk abin da ke ƙasar Holand bai ga abin da zai ɗauko mini ba sai wannan. Idan na fito da asuba na ga abu ya toho a tsakar gida, ranar nan takan zo mini da sauƙi. Ban ɗauki wannan a matsayin almubazzaranci ba.

Malama Uwani, Bolari

Ina goyon bayan Maman Ilham. Ya tabbata a hadisi cewa Allah kyakkyawa ne kuma yana son kyau, kuma iyayenmu da suke yi wa bangon ɗaki zane, suke jera kwanuka da tasoshi, ba don ci suke yi ba. Sai dai akwai gefen maganar Alhaji da ya kamata a riƙe, wato kada a mayar da abin gasa, kowa ya ce sai an aiko masa daga waje. Ina kuma tunatar da mu cewa shigo da iri ko saiwa ko 'ya'yan shuka daga wata ƙasa yana da doka, akwai hukumar tarayya mai kula da killace kayan gona da ke ba da izini, saboda cutar da za ta iya biyo su ta shiga gonakin mutane irin su Baba. Wanda zai sa a kawo masa, ya bi ta wannan hanya.

Hajiya Yaya, Yelwa, Bauci

Ƙanwata Maman Ilham, ni na yi wannan gwajin na firiji shekara biyu da suka wuce, kuma na faɗi, saboda haka bari in ba ki kurakuraina ki tsallake su. Na farko, na bar su a cikin ledar da suka zo da ita, na ƙulle baki. Gumi ya taru a ciki. Na biyu, na sa su a aljihun ƙasa tare da ayaba da tuffa da yara ke ajiyewa, ban san cewa 'ya'yan itace idan suna nuna suna fitar da wata iska da ke lalata tohon furen da ke cikin albasar ba, sai daga baya aka gaya mini. Na uku, wanda ba laifina ba ne, wuta ta ɗauke mana kwana huɗu a jere a cikin mako na shida. Da na buɗe ledar sai na ga wani kore-kore kamar na tsohon burodi ya rufe gindinsu, biyu sun yi laushi, na zubar. Ukun da suka rage na shuka, suka yi ganye mai faɗi mai kyau har na fara murna, daga nan bakin ganyen ya fara bushewa, kara bai taɓa leƙowa ba.

Idan za ki yi, ki naɗe kowace a takarda, ki sa a buhun takarda ko ƙaramin kwali mai huji, ki riƙa dubawa duk Juma'a. Kada ki kusanta su da gidan ƙanƙara, domin idan suka daskare sun mutu. Sannan ki rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa ba ta ci ba ce. Ina faɗin haka ne domin na taɓa shiga kicin na tarar da yarinyata ta ɗauko ɗaya ta ɗora a faranti za ta yanka a miya, ga shi kuwa masu sayarwa sukan yi musu feshin maganin ruɓa kafin su sa a kasuwa.

Maman Ilham, Tudun Wada, Gombe

Yaya, Allah ya saka da alheri, da ban ji wannan ba da a ledar zan bar su. Maƙwabciyata tana da firiji mai aiki da hasken rana wanda take ajiye zoɓo da kunun aya na sayarwa, kuma ta yarda ta ba ni gefe. Malam, saura bayanin ƙasa da zurfi da ban ruwa.

Malamin Gona, Jekadafari

Tukunyar ƙasa ta fi roba, domin tana numfashi kuma tana sanyaya saiwa, sai dai a huda gindinta huji mai faɗi, a sa tsakuwa ko fasassun katanga a ƙasa. A haɗa yashin rafi mai kauri kashi ɗaya, jar ƙasa ko ƙasar lambu kashi ɗaya, da ɗan taki wanda ya shekara ya zama gari, ba ya wari. Baƙar ƙasar nan mai danƙo da ke tsagewa da rani, a nisance ta. Zurfin ramin ya kai tsawon albasar sau uku, wato manyan su nutse kamar santimita 20, ƙananan kamar 12 zuwa 15, tsinin yana kallon sama. A ba su ruwa sosai ranar da aka shuka, daga nan kada a ƙara sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe har gaɓa biyu. A ajiye tukwanen a gabashin ɗaki, inda za su sha hantsi amma inuwa ta rufe su daga azahar, a kuma rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa.

Akwai abin da ke tsorata masu shuka ta a karon farko. Ganyenta yakan fara bushewa daga baki tun kafin furen ya buɗe, kuma wannan ɗabi'arta ce ko a ƙasarsu, ba ƙishi ba ne. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ruwa, ya ruɓar da ita a daidai lokacin da ta kusa biyansa.

Baba Mai Lambu, Dadin Kowa

In ƙara da ƙwarin nan ƙanana da ke ɓuya a tsakanin lawashi da rani, suna tsotsa har ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Duk inda albasa take sai sun zo. A tukunya takwas ba sai an sayi magani ba, a daka 'ya'yan maina, wato dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma har cikin wuyan ganyen. Sannan 'yata, ina da roƙo. Ki je kasuwa ki zaɓi jar albasa manya guda biyar, masu tauri, ki dasa su a Nuwamba a gefen baƙin naki. Ba na so ki yi wata biyar kina hidima ki tashi babu fure ko ɗaya a gidan.

Ɗan Tangale, Kaltungo

Gafara dai manya. Ina karanta yadda ake kwatanta furen nan, dunƙule kamar ƙwallo a kan kara, sai na tuna cewa muna da irinsa a nan ƙasarmu, babu firiji babu jirgi. A gindin duwatsu da ƙarƙashin manyan itatuwa, idan ruwan farko ya sauka, akwai wata albasar daji da ke fitar da kara tun kafin ganyenta, a samansa jan dunƙule jawur mai siraran gashi kamar an kunna wuta. Tun muna yara muke ganinta idan mun fita kiwo. Mutane sukan haɗa ta da sauran albasun daji su ce albasar kwaɗi, ko da yake wadda aka fi sani da wannan sunan ita ce mai farin fure dogo da jan zane, wadda ke fitowa a fadama. Kakata ta dasa jar a bayan rumbu, kuma duk shekara sai ta fito ba tare da kowa ya ba ta ruwa da rani ba. Me ya sa za mu wahala a kan wadda ba ta son daminarmu, alhali ga wadda daminar ce ke tashinta?

Malamin Gona, Jekadafari

Madalla da wannan tunatarwa. Wadda kake nufi ita ce masana ke kira Scadoxus multiflorus, kuma tana fitowa a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, daga Senegal har Somaliya har Afirka ta Kudu. Dangi ɗaya suke da albasa a lissafin masana tsirrai, kuma Turawan da muke sha'awar furensu suna sayenta da tsada suna lallaɓa ta a cikin ɗaki saboda sanyinsu yana kashe ta. Tana son inuwa, tana barci da rani, tana farkawa da ruwan farko, wato kalandarta da tamu ɗaya ce. Amma dole in yi gargaɗi da babbar murya: tana da dafi, musamman kan da ke cikin ƙasa. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, a sa ta inda hannu da baki ba za su kai ba, kuma kada a taɓa ajiye kanta kusa da albasar miya.

Ga wanda yake son shunayya lallai, akwai wata daga Afirka ta Kudu mai suna Tulbaghia violacea, ganyenta siriri mai warin tafarnuwa, tana jure zafi da ƙishi, tana fure watanni da yawa, kuma ana raba ta daga gindi. Dunƙulen furenta bai kai na giganteum girma ba ko kusa, amma ba ta bukatar sanyi. A tambayi masu sayar da furanni a Jos, ko a leƙa Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa a nemi shawararsu.

Malama Uwani, Bolari

Ɗan'uwa na Kaltungo, ina da damuwa ɗaya. Zauren nan yana da mutane da yawa, kuma idan kowa ya ji labarin jan furen ya aika yara da fartanya, shekara biyu ta isa a ƙarar da ita a gindin duwatsun nan. Tunda kakarka tana da ita a gida kuma tana 'ya'ya a gindi, ya fi kyau a riƙa raba waɗannan, a bar ta daji a inda Allah ya ajiye ta.

Ɗan Tangale, Kaltungo

Gaskiya ne Malama, ban yi wannan tunanin ba. Ta bayan rumbun ta yi gungu babba. Idan ganyenta ya bushe a watan Disamba zan raba, in aiko wa Maman Ilham biyu ta hannun direbobin tasha, sauran kuma duk mai so ya yi magana.

Alhaji Na Pantami

To, wannan ta Kaltungo ban da ja a kanta, tunda ba ta cin wuta ba ta cin ruwan saye. A kan ta firiji kuwa ina nan a kan bakana, amma zan so in ji yadda ta kaya.

Maman Ilham, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda Alhaji ya nema, yau muna mako na biyu na Maris. Na sa guda shida a firijin maƙwabciyata, manya uku da ƙanana uku, na bar biyu a ɗaki domin in ga bambanci da idona. Na shuka duka a tsakiyar Disamba a tukwanen ƙasa, yadda Malam ya tsara.

Biyun da ba su sha sanyi ba, ɗaya ba ta fito ba sam, ɗaya ta yi ganye biyu ta tsaya. Manyan uku na firiji sun yi ganye masu faɗi kamar tafin hannu, launin toka-toka, amma har yau babu kara, kuma ganyen ya fara kwanciya. Ƙananan ne suka share mini hawaye. Biyu daga cikin ukun sun fitar da kara a ƙarshen Fabrairu, gajere, bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, kuma kan bai kai na hoton ba, kamar girman lemon zaƙi. Amma ya buɗe, taurari ne ƙanana masu ƙyalli tsakanin shunayya da ruwan azurfa, kuma sun yi kwana tara kafin zafin makon jiya ya dusashe su. Na ɗauki hoto na aika wa ƙanena tun ranar farko.

Baba, albasarka biyar ta kasuwa ta ba ni kara goma sha huɗu, kowanne ya kai ƙuguna, fari tas, kuma tun hantsi ƙudan zuma ba sa barin wurin, har Ilham ta daina bi ta gefen. Wasu kawunan sun fara nuna baƙin iri a ciki. Na Kaltungo biyu sun iso lafiya, suna cikin tukunya a bayan tankin ruwa inda yara ba sa zuwa, ban ba su ko ɗigo ba, ina jiran ruwan farko.

Tambayata yanzu biyu ce. Malam, manyan nan da ba su yi fure ba, in tone su yanzu ko in jira? Baba kuma, yaushe zan yanke kawunan irin?

Malamin Gona, Jekadafari

Barka da arziki Hajiya, biyu cikin uku a Gombe ba ƙaramin abu ba ne. Kada ki tone yanzu. Ki rage ruwa sannu a hankali har ganyen ya bushe da kansa, domin abincin da ke cikinsa yana komawa cikin albasar ne. Idan ya bushe ƙarau, ki tone, ki kakkaɓe ƙasar, ki shanya a inuwa, ki ajiye a kwando inda iska ke shiga, lallai kafin ruwan Mayu. Ki auna su da hannu, wadda ta yi nauyi da tauri ita ce za ta sake gwaji, wadda ta ragu ta yi sakayau ba za ta yi ba. Tunda bana suna hannunki tun da wuri, manyan su shiga firiji a farkon Agusta, su yi mako 16 cur, su shiga ƙasa a ƙarshen Nuwamba su ci hunturun gaba ɗaya.

Baba Mai Lambu, Dadin Kowa

'Yata, kada ki jira duka su bushe, domin irin zubewa yake yi. Idan kin ga kamar kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan kwanson sun buɗe baki, baƙin yana leƙowa, ki yanke kan da ɗan kara kamar taƙi ɗaya, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ki shimfiɗa tsohon zani a inuwa ki baza su kwana bakwai zuwa goma, sannan ki murza da hannu ki sheƙe. Ki zuba a kwalba busasshiya ki rufe, kuma ki yi amfani da shi a wannan shekarar, domin irin albasa ba ya daɗewa, idan ya shekara rabinsa ba ya tsira. Idan Oktoba ta zo ki yi magana, in nuna miki yadda ake yafa shi a fangalin reno.